Darasi na 14: “Pick up” da ma'anoninta goma sha biyu

Abin da za a koya

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:
1. gane abin da “pick up” take nufi ta hanyar duba kalmomin da ke kewaye da ita;
2. bambanta “pick” da “pick up”;
3. ajiye wakilin suna a mazauninsa cikin jimla;
4. rubuta gajeren saƙon waya da ita ba tare da kuskure ba.

Karatu: saƙo huɗu a rana ɗaya

Wani direba ne mutumin Zariya yake tuƙa motar wani kamfani a Abuja. Maigidansa ba ya jin Hausa, kuma mutum ne mai yawan aika saƙo a waya. Direban yana karanta Turanci daidai gwargwado. Abin da ya shige masa duhu yakan bar shi sai ya koma gida, ya tambayi 'yarsa da ke ajin ƙarshe a sakandare. Wata ranar Litinin bayan sallar isha'i ya miƙa mata wayar. Ga saƙonnin da ta gani:

Pick up the visitors at the airport at nine.
I called twice. Why didn't you pick up?
Pick up some bread on your way back.
You have picked up a lot of English this year.

“Uwata, duba min nan,” in ji shi. “Kalma ɗaya mutumin nan yake ta nanatawa tun safe. Na farko na gane, na je na ɗauko baƙin. Na biyun fa? Me kuma zan ɗauka, ga baƙi a cikin mota?”

“Baba, ai cewa ya yi ya kira ka har sau biyu ba ka ɗaga ba.”

“Ina kan tuƙi ne. To burodin fa? Na dai san ba a ƙasa zan tsinto shi ba, shi ya sa na tsaya na saya.”

“Daidai ka yi.”

“Na ƙarshen nan ne ya hana ni sakat. Ko zargina yake na ɗaukar masa wani abu?”

Ta yi dariya ta ce, “Yabonka ya yi, Baba. Cewa ya yi bana ka ƙaru da Turanci ƙwarai.”

Ya girgiza kai. “Wannan harshe da wuyar sha'ani yake. Kalma ɗaya, fuska huɗu.”

“Baba, ɗazu ka ci tuwo. Bara Yaya ya ci jarrabawa. Jiya ka ce bakanike ya ci amanarka, kuma ka ce gyaran ya ci kuɗi. A cikin huɗun nan guda nawa aka tauna?”

Mu ma haka muke yi

Tambayar yarinyar nan ita ce mabuɗin darasinmu. Bahaushe yana cin kasuwa, yana cin bashi, yana cin zaɓe, yana cin mutunci. Yana shan ruwa, yana shan iska, yana shan wahala, yana shan alwashi. Ba ya rikicewa, don kunnensa yana jiran kalmar da za ta biyo baya kafin ya yanke ma'ana. Baturen da ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana neman fassarar “ci” shi ma sai da ya sha irin wahalar da direban nan ya sha.

Turanci yana da wani rukuni na aikatau da ke tafiya da 'yar ƙaramar kalma a bayansa, irin su “up”, “off”, “out” da “on”. Masu nahawun Turanci suna kiransa “phrasal verb”. Mu a nan za mu kira shi aikatau mai rakiya. Su kansu Turawa sun daɗe da sanin ƙaya ce ga mai koyo. Samuel Johnson, wanda ya fitar da shahararren ƙamus ɗinsa a Landan a 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin waɗannan haɗe-haɗe suna cikin abin da ya fi wahalar da baƙon harshen.

Aikin da 'yar rakiyar take yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu a ƙarshen aikatau muke yin sa. Dubi ɗauka, ɗauko, ɗauke: tushe ɗaya ne, amma “ɗauko” ta juyo da aikin wajen mai magana, “ɗauke” kuma ta kawar da abin gaba ɗaya. Wani malamin Hausa a Jami'ar Landan, F. W. Parsons, shi ne ya tsara waɗannan siffofi zuwa giredi 7 a 1960. Inda Hausa take sauya ƙarshen aikatau, Turanci sai ya ƙara 'yar kalma. Wani lokaci ma sukan zo daidai wa daida: “eat” ci, “eat up” cinye, “drink” sha, “drink up” shanye, “buy” saya, “buy up” saye.

Saboda haka kada ka fassara “pick” daban, ka fassara “up” daban, sannan ka haɗa. Ka ɗauke su kalma guda, ka duba abokan tafiyarsu.

Gida na farko: hannu ya kai ga abu

Ma'anonin “pick up” suna da yawa, amma ba barkatai suke ba. Za mu raba su gida uku. A gida na farko akwai wanda ya miƙa hannu da niyya, abu ko mutum ya shigo hannunsa.

1. Ɗauka daga ƙasa ko daga kan wani abu. Wannan ita ce uwar sauran.
She picked up the baby. Ta ɗauki jaririn.
Pick up your shoes. Ɗauke takalmanka daga nan.

2. Zuwa a ɗauko mutum, ko a karɓo kayan da ke jira.
I will pick up the children from school. Zan ɗauko yara daga makaranta.
He went to pick up his clothes from the tailor. Ya tafi karɓo ɗinkinsa a wurin tela.
Kishiyarta ita ce “drop off”, wato saukewa. Mai Keke Napep yini yake yi tsakanin waɗannan biyun. Daga wannan ma'ana ce sunan motar nan mai buɗaɗɗen baya ya fito, “pickup”, wadda muke kira a-kori-kura. Kamfanin Ford na Amurka ya sa wannan suna a jikin wata ƙirar motarsa tun 1925.

3. Ɗaga waya. Asalin maganar daga zamanin wayar tarho ta kan tebur ne, lokacin da sai an ɗaga kan wayar kafin a ji mai kira. Yanzu yatsa kawai muke dannawa, amma maganar ta zauna, a Turanci da Hausa duka.
He is not picking up. Ba ya ɗagawa.

4. Sayo abu a kan hanya, ba tare da an yi shirin cin kasuwa ba.
Pick up some onions on your way home. Ka sayo albasa in za ka dawo.

5. Kamu, idan jami'an tsaro ne masu aikin.
The police picked up two men last night. 'Yan sanda sun kama mutum biyu jiya da dare.

6. Ɗaukar nauyin biyan kuɗi. Wannan tana zuwa ne da kalmar “bill”.
My uncle picked up the hospital bill. Kawuna ne ya biya kuɗin asibiti.

Gida na biyu: tsintuwa

A nan babu miƙa hannu. Abu ne yake shigar mutum yana cikin harkarsa, sau da yawa bai ma lura ba. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan gida ita ce tsintuwa.

7. Koyon harshe ko sana'a ta hanyar cuɗanya, ba a aji ba.
He picked up Yoruba in Lagos. A Legas ya tsinci Yarbanci.
She picked up sewing from her mother. Wurin kallon mahaifiyarta ta iya ɗinki.
Ka lura da bambancin. Wanda ya zauna a aji da littafi da malami, “learn” ko “study” ake ce masa. Ɗan kasuwar da ya yi shekara biyar a Kumasi ya dawo yana ciniki da harshen mutanen can, shi ne aka ce ya yi “pick up”. Wannan ce ma'anar saƙon ƙarshe da direba ya samu.

8. Ɗaukar cuta, musamman mai sauƙi da ake kwasa a cikin jama'a.
The child picked up a cough at school. Yaron ya kwaso tari a makaranta.

9. Ɗaukar hali ko ɗabi'a daga abokan zama.
He picked up bad habits from his friends. Ya kwaso mugayen halaye a wurin abokansa.

10. Na'ura ta kamo sauti ko tasha.
This radio picks up Niamey at night. Rediyon nan yana kamo Yamai da dare.

Gida na uku: abu ya ɗago

A wannan gida yawanci babu karɓau, wato babu abin da aikin ya faɗa wa. Abin da ake magana a kansa shi ne da kansa ya ɗago bayan ya yi sanyi.

11. Farfaɗowa, ƙaruwa ko kankama.
Business picks up before Sallah. Kasuwa takan buɗe gab da Sallah.
The patient is picking up. Mara lafiyan yana samun sauƙi.
The wind picked up in the evening. Iska ta taso da yamma.
Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a goman ƙarshe na azumi ya ga ma'anar jimlar farko da idonsa. Idan kuma aka ce mota ta yi “pick up speed”, gudunta ne ya ƙaru.

12. Ɗorawa daga inda aka tsaya.
Let us pick up where we stopped yesterday. Mu ɗora daga inda muka tsaya jiya.

Akwai wata ma'ana da ba mu sa a lissafi ba, amma ya kamata babba ya san da ita don kare kansa daga jin kunya. A maganar titi ta Ingila da Amurka, idan aka ce namiji ya yi “pick up” ɗin macen da bai sani ba, ana iya fahimtar cewa tare ta ya yi da niyyar lalata. Don haka idan aiken ka aka yi ka ɗauko wata baƙuwa, ka faɗi wurin da dalilin: daga tasha, daga asibiti, zuwa gidan wane.

Tambaya uku kafin ka yanke ma'ana

Haddace jeri ba ya isa, don a kan hanya ba za ka tsaya ƙirga ɗaya zuwa goma sha biyu ba. Abin da zai fisshe ka shi ne tambaya uku.

Ta farko: akwai karɓau? Idan babu, to ko dai waya ake nufi, ko abu ne ya farfaɗo, ko ɗorawa za a yi.
Ta biyu: idan akwai, mene ne shi? Mutum ne, kaya ne, harshe ne, ko cuta?
Ta uku: wa ya yi aikin, kuma a ina?

Mu gwada da jimla ɗaya: “They picked him up at the motor park.” Akwai karɓau, kuma mutum ne. Saura tambaya ta uku. Idan jimlar da ta gabata tana maganar ƙannensa da suka ari mota, to tarbarsa suka je yi a tasha, gida za su kai shi ya ci abinci. Idan kuwa tana maganar 'yan sanda da suka yi kwana uku suna nemansa, to ba a gida zai kwana ba. Ko harafi ɗaya bai sauya a jimlar ba. Wanda ya karanta ta ita kaɗai, bai duba ta gabanta ba, zai iya kai wa iyali labarin da zai tayar musu da hankali a banza.

Ƙa'idoji uku

Ta ɗaya. Idan karɓau suna ne, yana iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe. “Pick up the bag” da “Pick the bag up” duka daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, irin su “it”, “him”, “her”, “me”, “us” da “them”, to dole ya shiga tsakiya. “Pick it up” ake cewa. “Pick up it” kuskure ne.

Ta biyu. Idan karɓau ya yi tsawo, kada ka jefa “up” can ƙarshen jimla, mai sauraro zai gaji da jira. Ka ce “Pick up the parcel that came from Kaduna yesterday.”

Ta uku. Alamar lokaci a jikin “pick” take sauka, “up” ba ta motsi: “picks up”, “picked up”, “picking up”.

Kuskuren da aka fi yi

A Najeriya an saba jin “I will pick you at four” da “He is not picking my calls.” A nan gida kowa ya gane. Sai dai a daidaitaccen Turanci “pick” ita kaɗai tana nufin zaɓa, ko tsinkar 'ya'yan itace da fure. Baturen da ka ce wa “I will pick you” zai iya ɗauka cewa zaɓensa za ka yi daga cikin wasu. A takardar jarrabawa, da wasiƙar neman aiki, da magana da baƙo, ka cika ta: “I will pick you up at four.”

Ka kuma kula da maƙwabtanta, don sauya 'yar rakiya sauya ma'ana ne. “Pick out” zaɓowa ne daga cikin tari. “Pick on” tsangwama ce, kamar yadda babban yaro yake sa wa ƙarami ido. “Pick up on” kuwa lura ce da abin da ba a fito fili an faɗa ba.

Maganar baki da ta takarda

Kusan kowace ma'ana da muka gani tana da kalma guda da ke iya maye gurbinta: “collect” a ta 2, “arrest” a ta 5, “acquire” a ta 7, “improve” a ta 11, “resume” a ta 12. Wannan yana da tarihi. A 1066 mutanen Nomandi, daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni. Ta nan da kuma ta hanyar Latin dubban kalmomi suka shiga Turanci, suka zauna a harkar mulki da shari'a da rubutu. Gajerun aikatau masu rakiya kuwa suka ci gaba da zama a bakin jama'a. Mu ma mun san irin wannan: mai wa'azi yakan ce wafati, a zaure kuma a ce rasuwa. Don haka a rahoton ofis za ka fi ganin “Sales improved”, a hira kuma ka ji “Sales picked up.” Duka daidai ne, kowanne da muhallinsa.

Furuci

Hausa ba ta raba sautin “p” da na “f”, shi ya sa “pick” takan fito daga bakinmu kamar “fik”. Ka rufe leɓɓanka ruf, sannan ka sake su lokaci guda. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka: idan ta yi tsalle sau ɗaya, ka yi daidai. Kalmar “picked” gaɓa ɗaya ce, da sautin “t” take ƙarewa, kamar “pikt”. A magana mai sauri kuma “pick it up” takan haɗe ta zama kamar “pikitap”. Ku maimaita ta tare sau biyar, sannan kowa shi kaɗai.

Aikin aji

A. Faɗi lambar ma'anar da ta dace da kowace jimla, sannan ka fassara ta da Hausa.
1. The bus picks up passengers at the roundabout.
2. Trade picked up after the harvest.
3. Where did you pick up that cold?
4. I rang the clinic but nobody picked up.
5. She picked up French in Maradi.
6. We will pick up from page ten tomorrow.

B. Gyara kuskuren da ke cikin waɗannan.
1. Your pen is on the floor. Pick up it.
2. My brother will pick me at the station.
3. She pick upped the plates.

C. Mayar da waɗannan Turanci, ka yi amfani da “pick up”.
1. Zan zo in ɗauke ki da ƙarfe biyar.
2. Ka sayo sabulu in za ka dawo.
3. Ciniki ya fara buɗewa.

D. Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama mai aike, ɗaya ɗan aike. Mai aike ya ba da umarni uku da “pick up”, kowanne da ma'ana daban. Ɗan aike ya faɗa da Hausa abin da zai yi. Sannan ku yi musaya.

Aikin gida

1. Rubuta saƙon waya na layi biyu da Turanci, kana gaya wa wani wurin da zai ɗauke ka da lokacin.
2. Cikin wannan mako, duk inda ka ji ko ka ga “pick up”, a rediyo ne, a waya ne ko a jikin allo, rubuta jimlar gaba ɗaya a littafinka, ba kalmar kaɗai ba.
3. Rubuta jimla goma na Hausa da “ɗauka”, kowace da ma'ana daban, kamar ɗaukar hoto, ɗaukar alkawari, ɗaukar ma'aikaci. Sa alama a gaban waɗanda kake ganin “pick up” za ta iya fassara su, ka bar sauran. Mako mai zuwa da jerinka za mu fara, mu ga inda harsunan biyu suka yi tafiya tare da inda kowanne ya kama hanyarsa.